Waƙar Gwani a Kwandon Shara

Duk wanda ya zo shagona koyon gyaran kwamfuta, abin da yake fara tambaya shi ne yaushe zan ba shi sukudireba. Ni kuwa sai in nuna masa benci, in ce ya zauna ya harɗe hannuwansa, ya kalli na'urar da aka kawo ba tare da ya taɓa ta ba. Wasu su kumbura su ce tsohon nan ya raina su, wasu su tafi ba su ƙara waiwayowa. Ku da kuka rage, tunda na ji kuna cewa aikin nan danne-danne ne kawai, bari in gaya muku inda na samo zaman bencin nan.

Ni da tafireta na fara. Lokacin da aka mai da Dutse babban birnin jiha, ofisoshi a gidajen haya suke, ma'aikata sun yi wa garin yawa, kowa kuma da takardar da yake so a buga masa. Ina cikin wannan ƙwanƙwasa ne wani mutumin kudu, Oga Sunday, ya buɗe shago a bakin hanyar Limawa da kwamfuta biyu da firinta mai ƙara kamar injin markaɗe. Na je kallo, kallon ya zama zama, zaman ya zama koyo. Aikin da ya fara ba ni shi ne share cikin wata na'ura da burushin fenti. Na daɗe ina shara kafin ya yarda na kwance ko da kusa ɗaya. Hausarsa a karkace take amma bakinsa da kaifi, in ka yi gaggawa sai ya ce hannunka ya fi kanka gudu, ya koma kan aikinsa ya bar ka da kunya.

Kayan aikinmu a lokacin ba su cika jaka ba: sukudireba, hantsaki, burushi, da akwatin faya-fayai. Faifan da nake nufi ba irin naku mai sheƙi ba ne, wani ɗan baƙin abu ne mai kusurwa huɗu da muke kira filofi, wanda hoto guda na wayarku ta yanzu ba zai shiga cikinsa ba. Manhaja ɗaya sai ta zo a kan tarin filofi, ka sa wannan ka cire, ka sa wancan, in na ƙarshe ya ƙi karantuwa to duk wahalarka ta tashi a banza. Babu inda za ka shiga ka sauko da wata. Abin da ke cikin akwatinka shi ne arzikinka, kuma damina ɗaya ta isa ta sa masa funfuna ta kashe shi.

Masu kawo mana aiki kuwa, Allah ya yi su kala-kala. Akwai wani babban ma'aikaci da ya turo direba a guje wai kwamfutarsa ta mutu, na je na tarar masinja ne ya zare wayar ya sa butar shayi. Irin waɗannan ba sa ba ni tsoro. Wanda nake tsoro shi ne mai ɗan sani, wanda in abu ya lalace sai ya danna nan ya danna can, ya kira abokinsa shi ma ya danna, sai sun gama birne aikin sannan su kawo maka gawa su ce ka tashe ta.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a ita ce shekarar da ta fi ba ni wuya a sana'a. Babu wanda ya taɓa Oga Sunday a Dutse, maƙwabta ma roƙonsa suka yi ta yi ya zauna, amma 'yan'uwansa na gida sun tayar da hankali saboda labaran da suke ji daga wasu garuruwa. Ya tattara ya tafi da akwatin faya-fayansa. Ya bar mini shago, da kwamfuta guda, da filofi guda da ya ce in riƙe shi kamar ƙwayar idona, wanda ake neman abin da aka goge da shi. Ofisoshi suka koma kai aikinsu Kano. Ni kuwa aikin da ya rage mini abin dariya ne: cire waƙoƙi da wasan karta daga kwamfutocin mutane. Kowa na so a ce tasa a tsarkake take. Wani ma bayan na cire masa kartar sai ya dawo ta bayan shago yana tambaya cikin raɗa ko tana mayuwa.

A cikin wannan zaman kashe wando ne, wata ranar da hadari ya haɗo da hantsi, motar haya ta Jahun ta tsaya a ƙofar shago. Wata mata ta fito da wani abu naɗe cikin bargo ta rungume shi a ƙirji, wani mutum mai rawani na biye da ita yana ɗauke da fuskar kwamfuta. Direba ya ce mini tun daga Jahun a kan cinyarta ta riƙe shi, ta ƙi yarda a sa a but. Matar ita ce Malama Rakiya, 'yar Gwani Habu mai makarantar allo a Jahun, mai rawanin kuma ƙaninta ne, Malam Sani. Shi ya yi sallama, shi ya kamata ya yi bayani, amma ya kasa ɗaga ido. Ita ta zauna a bencin nan da kuke kai ta ba ni labari.

Mahaifin Gwani ya taɓa tsara wata doguwar waƙa ta Hausa a kan rabon gado, wadda ke bi daki-daki tana faɗin rabon kowa, don ɗalibai su haddace. Takardun asali gara ta cinye su tun da daɗewa, waƙar ta rage a kan Gwani shi kaɗai, don ɗalibansa kowa ɗan yanki ya riƙe. Wani tsohon ɗalibinsa da ya yi karatu a Sudan ya kawo masa kwamfuta da manhajar rubutu da haruffan Larabci, ya koya wa Malama bugawa, ya koma. Daga nan kullum bayan an tashi karatun safe Gwani yana rerawa tana bugawa da ajami, ya sa ta karanta masa, ya gyara. Sun kusa kai ƙarshe ke nan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Ya rayu, yana gane mutane, amma magana ta tafi. Ko ruwa yake so sai dai ya nuna da ido.

Malam Sani kuwa ya shigo ne wata rana ya tarar da yaran gida suna buga karta a kan na'urar da ke ɗauke da ayoyin gado. Ransa ya ɓaci, kuma ban ga laifinsa ba. Ya nemi inda kartar take zaune, ya same ta cikin wata babbar folda, wato jakar da ake tara fayiloli, ya goge jakar ɗungurungum. Abin da bai sani ba, ɗalibin nan na Sudan ya zuba duk manhajojin cikin jaka guda, kuma manhajar wancan zamani a cikin ɗakinta take ajiye abin da ka rubuta. Karta ta tafi, manhajar Larabci ta bi ta, waƙar Gwani ta bi su.

Har nan da sauƙi, don abin da aka goge ba ya wucewa kai tsaye, yana faɗawa wani wuri da aka yi wa hoton kwandon shara, kuma dannawa kaɗan ta isa a mai da shi. Malama ta zo bugawa manhaja ta ƙi buɗewa, ta duba ta ga kwandon da kullum yake wayam yau ya cika da takardu. Ta ce wa ƙaninta aikin Baba yana cikin shara. To ku da kuka tashi a gidajen malamai kun san abin da wannan magana take nufi. Mutumin da in ya ga 'yar takarda mai rubutun Larabci a ƙasa sai ya tsuguna ya ɗauka ya soke ta a jikin katanga, shi aka ce wa bisimilla da ayoyin Alƙur'ani suna kwance cikin kwandon shara, kuma da hannunsa ya zuba su. Ya kama danne-danne yana salati, bai tsaya ba sai da ya ga hoton kwandon ya koma wayam. Ya yi ajiyar zuciya, a zatonsa ya tsamo su. Ashe zubar da su ya yi gaba ɗaya.

Na tambaye su faya-fayan da manhajar ta zo a kai. Malam Sani ya zaro gwangwanin alewa ya buɗe. Tun kafin in taɓa na ji warin funfuna, damina ta riga ta gama da su. Sai na yi tambayar da a kanta komai yake rataye, wadda na saba jin amsarta mai karya zuciya: bayan abin ya faru, wa da wa suka kunna ta?

Malama ta ce, "Babu wanda ya kunna ta, Malam Bala. Ina ganin kwandon ya koma wayam na zare wayar daga bango, na lulluɓe ta."

Na ce wa ya koya mata haka. Ta dube ni kamar na tambaye ta wa ya koya mata alwala.

"A gidanmu in ɗalibi ya yi kuskure a allo, ba ya gogewa da yatsa, ba ya rubutu a kai. Jingine allon yake ya juya fuskarsa bango har sai Baba ya zo ya gani. Ni ban san ciwonta ba, shi ya sa na jingine ta."

Malam Sani ya ƙara da cewa har wani abokinsa ma'aikacin ƙaramar hukuma ya zo da nasa faya-fayan zai zuba mata sababbin manhajoji, yayarsa ta zauna a bakin ƙofar ɗakin ta ce sai dai ya tsallaka ta kanta. Shekara da shekaru ina yi wa masu digiri wa'azin abin nan ba su ji ba... a'a, bari in faɗi gaskiya, ni kaina sai da Oga ya yi ta zagina kafin ya zauna mini. Ita kuwa daga zauren mahaifinta ta taho da shi.

Ga dalilin, ku buɗe kunne. In ka goge fayil, kwamfuta ba ta bi ta kankare rubutun ba. Sunansa kawai take sokewa, ta ce wurin nan yanzu fili ne, duk mai so ya yi gini. Rubutun yana nan kwance har sai wani sabon abu ya hau kansa. Kunna na'urar kaɗai ma rubutu ne, don tana tashi take fara ajiye 'yan tarkacenta duk inda ta ga fili. Da na yi wa Malama wannan bayani sai ta gyaɗa kai, ta ce kamar allon da aka wanke ne, in ka karkata shi a rana kana ganin kufan karatun jiya.

Ban kunna ta ba ni ma. Na kwance murfin, na zaro rumbun ajiyarta, wanda muke kira had-dis, wani ƙarfe mai nauyi kamar sabulun wanki. A bayansa akwai wani ɗan maɓalli da bai fi ƙwayar dawa ba, na sa hantsaki na matsar da shi don rumbun ya yarda ya zama baƙo a cikin tawa na'urar. Ban yarda da wutar gari ba, na tayar da janareta. Sannan na sa filofin Oga, na yi bisimilla.

Na sha yin aikin nan kafin ranar da bayanta, amma har gobe in sunayen suka fara fitowa sai na ji wani abu ya tsarga mini. Baƙar fuska wayam, sai ga layi, sai ga wani, abubuwan da aka ce sun mutu suna jeruwa ɗaya bayan ɗaya. Kowane suna ya zo babu harafinsa na farko, kamar taron mutanen da aka cire wa huluna. Na riƙa kwashe su ina juyewa a nawa rumbun, ban ajiye ko ɗigo a nasu ba. Kwaso waƙar kaɗai ba zai wadatar ba, don babu abin da ke iya karanta ta sai manhajar da ta rubuta ta, kuma kaf Dutse ban san mai irinta ba. Dole sai na tashi jakar gaba ɗayanta. Na yi ta mai da wa fayilolin manhajar hulunansu, in gwada ta ƙi, in canza in sake. Ruwan sama ya sauko ya ɗauke, Malam Sani ya je masallaci ya dawo, ni ina nan. Wajen la'asar fuska ta yi fari, haruffan Larabci suka bayyana daga dama suna tafiya hagu.

Malam Sani ya sulale ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da gefen rawaninsa. Malama ta matso ta riƙa buɗe babi-babi tana dubawa, rabon 'ya'ya yana nan, na iyaye yana nan, na miji da mata yana nan. Da ta zo babin kakanni sai ta tsaya. Farkonsa lafiya, ƙarshensa lafiya, tsakiyarsa kuwa tarkacen alamomi ne marasa kan gado. Babin ne da suka fi komawa suna gyara, don haka a warwatse yake cikin rumbun, filofin Oga ya ɗebo wani abu daban ya cusa a gurbin. Ina kyautata zaton gutsuren kartar nan ce, amma ban faɗa ba, don na ga halin da Malam Sani yake ciki. Na sake bin rumbun lungu-lungu. Na gaya musu gaskiya, abin da ya dawo ya dawo, wannan gurbin ya fi ƙarfina. Malama ta ce ko baiti guda na wurin ba ta riƙe ba, ita bugawa take yi hankalinta na kan haruffa.

Ranar da na mai da musu na'urar Jahun, Malama ta roƙa a haɗa ta a ɗakin Gwani, don tun ranar da abin ya faru ya lura an daina buɗe ta, kuma kullum idonsa na kan ƙofa. Na same shi kwance a gadon ƙarfe, dattijo siriri, bakinsa ya ɗan karkace. Na durƙusa na gaishe shi, na ce Allah gafarta Malam, ya amsa da ido. Aka jawo waya daga janaretan maƙwabta. Malama ta zauna ta fara karanta masa daga fuskar, ba karatun zube ba, da karin da yake rera ta. Ta wuce babi ta shiga wani, Malam Sani na tsaye a bakin ƙofa ya kasa shigowa. Ta shiga babin kakanni. Ina ganin tarkacen nan yana matsowa daga ƙasan fuska. Ta rera baitin ƙarshe mai kyau, ta yi shiru.

Sai karin ya ci gaba, ba daga bakinta ba.

Muryar a dishe take, tana jan ƙafa, amma kalmomin suna fita ɗaya bayan ɗaya a kan karinsu. Mutumin da ya kasa cewa ruwa, shi ne yake rera rabon kaka ta wajen uwa. Idonsa a rufe, yatsan hannunsa mai lafiya yana buga gefen gado. Malama ta daskare, hannuwanta a sama da maɓallan haruffa ta kasa saukewa, tana tsoron ƙarar bugawa ta katse shi. Malam Sani ne ya motsa. Ya miƙa hannu waje ya jawo allon wani ɗalibi da aka wanke aka jingine, da tawada da alƙalami, ya durƙusa a gindin gadon ya kama rubutu. In Gwani ya sarƙe sai Malam Sani ya maimaita masa baitin baya a hankali, shi kuma ya ɗora. Allon ya cika, ya juya bayansa.

Da Gwani ya iso baitin da ke bayan tarkacen, wanda yake nan lafiya a fuskar kwamfuta, Malama ta karɓe shi suka rera tare, sannan ya yi shiru. Ta matsa kusa da shi hawaye na zuba, ta ce, "Baba, in kawo maka ruwa?" Ya buɗe baki, ya yi ƙoƙari, babu abin da ya fito. Sai ya nuna kofin da ido kamar kullum.

Daga baya wani ma'aikacin asibiti ya ce mini suna ganin haka, mai irin wannan ciwo ya kasa magana amma ya iya rera abin da ya haddace in an ɗora shi a hanya. Na yarda da shi. Amma ni da nake ɗakin na san abin da na ji, kuma duk abin da na taɓa tonowa daga cikin rumbun ƙarfe bai kama ƙafar wannan ba. An sake gwada Gwani a wasu ranakun, wani lokaci ya ɗan bi, wani lokaci ya yi shiru, babin kakanni dai bai ƙara rera shi cikakke ba. Kafin lokacin girbi ya gama shigowa Allah ya yi masa rasuwa.

Tun a ranar da Gwani ya rera babin Malama ta buga abin da ke kan allon, na juye waƙar a filofi da yawa, na buga ta a takarda, na ce a raba ajiyar gida-gida. Na ware wa rubutun jakarsa daban, nesa da manhaja. Kartar ma na cire ta, ita kaɗai wannan karon, Malam Sani na tsaye a kaina yana kallo har da 'yar dariya.

To shi ya sa nake zaunar da ku a benci. Gobe in an kawo muku na'ura an ce an goge abu, kada hannunku ya riga ku. Ku fara tambaya wa ya kunna ta, ku jingine ta tukuna. Bara na bi ta Jahun na shiga yi wa Malam Sani gaisuwa, shi ke riƙe da makarantar yanzu, na ji ɗalibai suna rera babin kakanni a zaure. Kwamfutar ta daɗe da mutuwa, faya-fayan ma babu na'urar da za ta karanta su. Allon nan kuwa yana rataye a ɗakin Gwani, gaba da baya, har yau ba a wanke shi ba.